Lambar da Na Rubuta a Goshin Kawu

Kawuna ya mutu ranar Talata bayan azahar, a kan gadon asibitin sansanin soja. Harbinsa aka yi a cinya, da sassafe, a hanyar Kwoi. Ni nake tuƙa motar. Ko ƙwarzane ban samu ba.

Yayan mahaifiyata ne. Likitan soja ne, ya ajiye kaki yana kanar, amma har ranar da ya mutu yana koyarwa a makarantar da ake horar da likitocin soja. Can za mu je a ranar. Ni ban yi boko ba. Matata ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

An kafa rumfa uku a ƙofar gidansa da ke Kafanchan. Zumuntar mata suka zo da zanensu iri ɗaya da tulunan kiɗansu, suka zauna gefen Mama, matar Kawu, suna waƙar majami'a ƙasa-ƙasa. 'Yan kasuwar citta, dangin mahaifina, suka zo bayan la'asar cikin manyan riguna. Suka ce Allah ya ba da haƙuri, suka tsaya a nan, ba su ƙara ba. Mahaifiyata ta musulunta ne lokacin da ta auri mahaifina, saboda haka gidanmu kullum rumfa biyu ne. Tun da ta rasu, Kawu ne kaɗai yake shiga kowacce ba tare da an daina magana ba.

Sojoji suka zo a mota biyu. Yawancinsu yara ne, likitocin da ya koyar. An ba su kujeru suka ƙi zama. Mutanen ƙauye suka riƙa sauka daga babura, daga wajen Nok, daga wajen Gidan Waya, wasu ban taɓa ganinsu ba. Wani ya tsaya gaban Mama ya naɗe wandonsa ya nuna mata tabo, ya koma ya zauna. Na bayansa ya naɗe hannun riga. Wata tsohuwa ta ajiye ƙyalle da guntun sanda a bakin ƙofa kamar mai ajiye baiko a majami'a.

Babu mai ɗaga murya. Garin a ɗaure yake tun da labari ya zo. Shaguna suna rufewa kafin rana ta faɗi, mata sun fara tura yara wurin dangi. A cikin rumfunan ma kowa yana duba wa ya zo, wa bai zo ba.

Babban ɗan Kawu yana zaune a bakin ƙofa. Taubashina ne, da tsokana muka tashi, yana ce mini bawansa ina ce masa bawana. Na durƙusa zan gaishe shi. Bai dube ni ba.

"Mutum biyu a mota," ya ce. "Suka zaɓi ɗaya."

Rumfunan duka sun ji. Na tashi na zagaya bayan gida na kama faskaren itace.

Ba na so a tuna Kawu da hoton da aka manna a jikin rumfa, mai hula da tauraro. Mutumin da na sani singileti yake sawa, ga agogo a hannun dama, ga alƙalamin buhu a aljihu, irin mai kaurin nan da muke rubuta suna da shi a buhun citta. Idan wani abu ya faru, ko akuya ce mota ta buge, ba ya tambayar wa ya yi. Agogo yake dubawa. Jikokinsa har suna kwaikwayonsa, in kofi ya faɗi sai su ce ƙarfe nawa.

Ni da ƙafata na san dalili. Shekarun baya, a wani rikici da aka yi a garin nan, ba zan ce wanne ba don sun yi yawa, an sare ni da adda a bayan cinya kusa da layin dogo. Gidan Kawu ne mafi kusa, ko da yake unguwar waɗanda suka biyo ni ce. Na ja jiki na isa. Ya zo hutu a lokacin. Ya fito, ya dubi jinin, ya dubi agogo, ya fizge zanen da Mama ta shanya ya yage shi. Ya ɗaure cinyar a sama da saran, ya cusa muciyar tuwo a cikin ƙullin ya murɗa. Na zage shi, na zagi kakanninsa waɗanda nawa ne. Ya ci gaba da murɗawa har jinin ya tsaya. Sannan ya ɗauko jan bakin Mama ya yi mini rubutu a goshi.

Samarin suka iso ƙofa yana ɗora ni a mota. Ya tsaya da hannuwansa jina-jina ya ce musu wannan ɗan ƙanwarsa ne, kuma ƙafarsa ba ta da lokacin surutu. Ya ce wanda yake so ya ƙarasa ni ya biyo mu asibiti ya bi layi. Suka buɗe hanya. Biyu daga cikinsu na gan su a rumfa ranar ta'aziyya, sun yi furfura.

Da na warke na zama direbansa. Ina ɗingishi kaɗan amma ƙafar tana taka birki.

Duk shekara idan an ɗauki sababbin ɗalibai sai mu tafi makarantar. Wuri ne mai tsabta da sanyin na'ura. Yaran sun riga sun iya karatun likita, kakin ne sabo a jikinsu. A can akwai masu binciken abin da ke kashe soja kafin ya kai asibiti, wani zazzaɓi yake bi, wani saran maciji, wani zafin rana. Kawu jini ya ɗauka. Yakan ce musu likitan gari asibiti ake ba shi, likitan soja kwalbati ake ba shi. Yakan fitar da su fili, ya ɗaure musu ido, ya sa su ɗaure wa juna cinya, shi kuma yana buga kwanon rufi da sanda kusa da kunnensu. Wanda ya ɗaure ya manta bai rubuta lokaci ba, sai ya ce masa ya kashe mutumin, ya je ya gaya wa uwarsa.

Ya koya musu abin da ni ma na haddace don yawan ji. Ɗauri yana tsayar da jini, amma jinin da aka tsare a ƙafa yana lalacewa. In bai daɗe ba, a kwance a hankali a ɗinke. In ya wuce awa shida, ya zama guba, kada a kwance, gara a yanke ƙafar a sama da ɗaurin, don in gubar ta hau zuciya babu mai dawo da ita. Shi ya sa lokaci ya fi ɗaurin kansa. Wanda ya ɗaure ba lalle ne ya kai asibiti ba, mai rauni kuma ba lalle ne ya iya magana ba. Baki yakan tsaya a hanya, in ji shi, goshi ne yake isa.

Daga nan sai ya kira ni. In hau dandamali, in tuɓe wando, yara su zo su taɓa tabon.

A shekara ta uku wani ɗalibi ya ga gajeren wandona da ya yage, ya ce wani abu da Turanci, ajin ya yi dariya. A hanyar dawowa da muka iso Jere na gangara gefen titi, na kashe mota, na miƙa masa makulli. Na ce ni ba ragon kasuwa ba ne da za a riƙa ɗaga wa ƙafa, ya tuƙa kansa.

Bai roƙe ni ba. Ya fita ya sayi gasasshiyar masara ya zauna a gaban mota ya cinye ta tas. Sannan ya ce, "Malam." Haka yake kirana don tsokana, saboda ban iya baƙi ko ɗaya ba. "Yaran nan da ka gani, baɗi wasunsu suna daji, suna murɗa wa abokinsu sanda yana ihu su bari. Ina so su tuna akwai mutumin da aka yi wa haka, ya taka birki da ƙafar ya ajiye ni a Jere."

Na karɓi makullin. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Da shekara ta zagayo na tarar da sabon gajeren wando a kan kujerar direba, a cikin leda.

Ya so in shiga ajin yaƙi da jahilci, na ƙi. Ya ce to lambobin agogo sha biyu sun ishe ni ceton rai. Ya zaunar da ni kusa da shi a kan benci, ya shimfiɗa buhu a cinyarmu, ya riƙa rubutawa ina bi. Shida da tara suka ba ni wuya. Ya ce shida mace ce mai ciki, cikinta a ƙasa. Tara mutum ne mai ƙaton kai, kansa a sama. Tun daga ranar ban sake rikita su ba.

Da hare-hare suka yi yawa a ƙauyuka, ya ce waɗanda ake harbi a gona ba su da likitan soja, su ne za su zama nasu. Sojoji suna rubuta harafi da lamba huɗu a goshi. Shi ya rage wa mutanen ƙauye ya zama lamba ɗaya, awar kawai. Manyan makarantar suka yi gardama, suka ce wannan wasa ne da aikin likita. A ƙarshe suka yarda a gwada a yankinmu. In ya yi kyau a yaɗa shi, har a koya wa ƙananan sojoji marasa zurfin karatu. In bai yi ba a rufe. Aka ba wata ɗalibarsa aikin bin diddigi. Kyaftin ce, tana asibitin sansanin, Baba take ce masa, ni kuma Yaya. Duk wanda aka kawo da lamba a goshi sai ta ɗauki hoto kafin ta taɓa shi.

Ranar Asabar muke fita, bayan an tashi kasuwa. Ƙyalle, sanda, gawayi. Ni ne mai rauni, a kaina ake gwadawa. Ba ko'ina aka so abin ba. Wani dattijo a gindin masallaci ya ce abin da ke goshi Allah ya riga ya rubuta, ɗan Adam bai isa ya ƙara ba. A wani ƙauyen matar fasto ta miƙe ta ce lamba a goshi alamar ƙarshen duniya ce, balle shida, ba za a sa wa ɗanta ba ko yana mutuwa. Amsa ɗaya ya ba su duka. Ya ce tasa lambar da ruwa da sabulu take fita.

Akwai ranar da mutanen wani ƙauye suka kira shi bayan an kai musu hari. Cikin waɗanda ke kwance har da ɗaya daga maharan, yaro, an harbe shi a hannu. Kawu ya ɗaure shi shi ma, ya rubuta masa. Mutane suka yi fushi, babban ɗansa ya yi wata guda bai zo gidan ba. Kawu ya ce jinin bai faɗa masa sunansa ba.

Ranar Talatar mun bar Kafanchan da na idar da sallar asuba. Yana so ya isa kafin ajin rana. A wani kwari kafin Kwoi na ga itace a gicciye. Na taka birki na sa ribas, suka buɗe wuta daga cikin ciyawa. Motar ta faɗa rami. Na fito ta gefena, na zagaya, na buɗe nasa. Wandonsa ya jiƙe har takalmi. Wata motar haya ta shigo bayanmu, hankalinsu ya koma kanta. Na sa hannu ta hammatarsa na ja shi da baya, na ja, na ja, har muka shiga cikin gamba mai tsayi.

Ƙyalle da sanda suna aljihuna kullum. Na ɗaure. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya ciji hannun rigarsa bai yi ƙara ba. Na koma ta kansa na ɗora shi a cinyata don kada ya shaƙi ƙasa.

"Ƙarfe nawa, Malam?"

Na juya hannunsa na duba. Na ce shida.

"Rubuta."

Na zaro alƙalamin buhun daga aljihunsa. Na share masa gumi. Na rubuta mace mai ciki, babba, da kyau. Ya tambaya ko ta fito sosai, na ce ta fito. Ya ce madalla, yau na ci sunana.

Mutanen ba su tafi ba. Muna jin su a titi suna kora fasinjoji cikin daji, suna dawowa, suna kiran juna. Rana ta hau. Kawu ya yi maganar Mama, ya yi maganar ajin da zai makara, daga baya ya daina magana amma yana numfashi. Sai da inuwa ta kusa shiga ƙarƙashin mutum sojoji suka zo. Suka ɗora shi a bayan mota tare da wasu mutum biyu. Ni suka riƙe ni in nuna musu inda maharan suka bi. Na ce wa wanda ya karɓe shi lokaci yana goshi. Ya ce ya gani. Ban ƙara ba. Haka aka koya mini.

Rana ta uku ta zaman makoki ina faskare a bayan gida, Mama ta leƙo ta ce, "'Yar Baba ya zo, yana nemanka." Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne.

Kyaftin ta zauna a kan turmi. Ta rame cikin kwana uku. Ta ce ita ta karɓe shi, wajen ƙarfe ɗaya. Ta yi komai yadda ya koya mata. Ta duba goshi, ta lissafa, ta ga ƙafar za ta tsira. Ta sa masa jini, ta kwance ɗaurin a hankali. Ba a daɗe ba zuciyarsa ta rikice ta tsaya. Ta ce manya sun ga rahoton farko. In ɗaurin awa huɗu a hannun mutanen ƙauye zai kashe mutum, to ba za su bari a ci gaba ba. Bayan jana'iza za ta sa hannu a rufe aikin. Ita ma ta rubuta takardar neman a ɗauke ta daga ɗakin tiyata, ba ta yarda da hannunta ba kuma.

Na ce awa huɗu kamar yaya.

Ta ciro waya ta nuna mini. Fuskar Kawu, idonsa a rufe. A goshinsa mutum mai ƙaton kai.

"Ƙarfe tara zuwa ɗaya, Yaya," ta ce. "Sau nawa na lissafa."

Na daɗe ina kallon hoton. Ta ƙafafunsa ta tsaya ta ɗauka, yadda kowa yake tsayawa gaban maras lafiya. Ni ta kansa na durƙusa.

Na mayar mata da wayar. Na ɗauki gatari.

Na gaya wa matata a ranar. Ita da ke rubuta wannan ta ce in yi shiru, kuma ba na ganin laifinta. Gidanmu a kan iyaka yake, masallaci ta gabas, majami'a ta yamma, duk rikicin da aka yi a layinmu yake fara hayaƙi. Yara huɗu gare mu. Tun ban faɗi komai ba ana cewa direban Musulmi ya fita lafiya. In na buɗe baki na ce hannuna ne, babu mai tsayawa ya ji zancen shida da tara. Ta ce Kawu ya tafi, magana ba za ta dawo da shi ba.

Kwana biyu ina faskare. Itacen da na tara ya ishi biki. Ina ganin mutanen ƙauye suna zuwa suna naɗe wando gaban Mama. Damina ta kusa ƙarewa, za a fara haƙar citta, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan kaka in ciyawa ta bushe hanya ta buɗe. Za a harbi wasu a gona. In an rufe aikin, za su zubar da jini har su mutu da ƙyalle a ɗaure a kansu. In ba a rufe ba kuma na yi shiru, wani zai ja ɗan'uwansa ta hammata kamar yadda na yi, ya durƙusa inda na durƙusa.

Ana gobe jana'iza, da hantsi, aka yi zaman iyali a falo. Mama, babban ɗa, ƙannensa, fasto, da Kyaftin da ta zo shirya faretin soja. Ba a kira ni ba. Na shiga da buhu da alƙalamin Kawu, tun ranar yana aljihuna. Na shimfiɗa buhun a ƙasa tsakanina da taubashina. Na durƙusa na yi rubutu.

Na ce, "Karanta."

Ya ce ba shi da lokacin wasa. Mama ta ce ya karanta.

"Tara."

"Shida na rubuta. Ƙarfe shida na ɗaure shi. Ta kansa na durƙusa."

Kyaftin ce ta fara ganewa. Na ga tana naɗe yatsu, ɗaya, biyu, har bakwai. Ta tashi ta fita, muka ji tana amai a bayan taga.

Taubashina ya miƙe, fasto ya riƙe masa hannu. Ya ce ashe ni na kashe shi. Na ce ni na rubuta. Ya ce in maimaita a waje, gaban rumfa, in ina da zuciya. Na ce zan maimaita.

Mama ta sauko daga kujera, da ƙyar, gwiwa tana damunta. Ta kama bakin buhun ta juya shi. Ta sake juyawa. Ta yi haka sau uku tana kallo.

"Shekara nawa yana koya wa mutane," ta ce, "bai taɓa juya buhu ba."

Ta dubi ɗanta ta ce babu wanda zai yi magana a rumfa sai an binne mijinta. Ta dube ni ta ce ni zan tuƙa motar gawa. Ɗan ya ce to ba zai shiga ba. Ta ce akwai babura.

Na tuƙa shi. Ta hanyar Kwoi ɗin muka bi, babu wata. Ramin da motarmu ta faɗa yana nan, da gilashi a cikin ciyawa. Sojoji suka harba bindiga sama a bakin kabari, yara suka ruga cikin gona, tsofaffi ba su ko ɗaga kai ba.

Bayan sati uku makarantar ta aiko a ɗauke ni. Na hau dandamalin nan. Wannan karon ban tuɓe wando ba. Na shimfiɗa buhu, na kira ɗalibi ɗaya ya tsaya ta can, na rubuta, na ce ya karanta. Kyaftin ta yi sauran bayani da Turanci, ta nuna hoton a bango, babba. Babu wanda ya yi dariya. Wani babba mai furfura ya tambaye ni me nake gani za a yi. Na ce a tsaya ta ƙafa in za a rubuta. In babu hali, a ja layi a ƙarƙashin lambar, mai karantawa ya san ina ne ƙasa.

Ba su rufe aikin ba. Kyaftin ta janye takardarta. Yanzu a ajin in yaro ya rubuta bai ja layi ba, ana ce masa ya kashe mutumin. Ajin da na tsaya a gabansu, in ruwa ya ɗauke za a tura su inda ake turawa. Na kalli fuskokinsu, ban so na kalla ba.

Ni da ita muke fita ranar Asabar yanzu. Muna komawa duk ƙauyen da muka taɓa zuwa, ɗaya bayan ɗaya, muna gyara abin da muka koyar. A kowanne sai na faɗi yadda aka yi. Wasu suna tashi su tafi. Saura ƙauyuka da yawa, ciyawa kuma ta fara ja.

Taubashina bai gaishe ni ba har yau. Magana ta zagaya gari, kowace unguwa da yadda take faɗinta. Makon jiya na fito da safe na tarar an rubuta tara da gawayi a ƙyauren gidana, babba. Matata ta kawo ruwa za ta wanke. Na hana ta. Na ɗauko gawayi na ja wa lambar layi a sama, inda ƙasan shida yake. Yara suna wurin kakarsu. Mu muna nan.

Abu ɗaya Kawu ya faɗa da bai zama gaskiya ba. Alƙalamin buhu ba ya fita da ruwa da sabulu. Masu wankan gawa sun goge iyakar ƙoƙarinsu, inuwar ta ƙi tafiya, sai aka sauko masa da hular soja har gira.

Kawu yana ƙauyen mahaifinsa, a bayan tsohon gida, a bakin gonar citta, kusa da kabarin uwarsa. Ƙafafunsa biyu suna tare da shi. Agogon yana hannunsa na dama, Mama ta hana a cire. Lambar tana goshinsa a ƙarƙashin hula. Idan na je, ta kansa nake tsayawa.